Takardar da Na Yanka wa Baffa Manu

Ku 'ya'yana kun daɗe kuna yi mini dariya a kan takardun mota. Duk wanda ya sayi mota a cikinku, kafin in sa mata albarka sai na ce ya miƙo mini takardar inshora, in ɗora tabarau, in bi ta layi-layi. Ran nan da kunnena na ji Rahila tana ce wa mijinta ya ɓoye takardun, Baba ya iso. Ban yi fushi ba, tsufa ne ya jawo mini. Amma tunda ƙafa ta fara ƙin zuwa inda na aike ta, gara in rubuta muku dalili tun hannu yana iya riƙe alƙalami. Akwai kuma wani zance da ya taɓa yawo a kaina a unguwar Wunti, wanda na fi so ku ji daga bakina kafin wani tsoho mai dogon tuni ya ba ku shi a karkace.

Na zo Bauchi shekara uku kafin Turawa su miƙa mulki, daga ƙauyenmu can kudu cikin duwatsu, da akwatin kwano ɗaya da takardar shaidar makarantar mishan. Na sami aikin akawu a kantin wani kamfani mai sayen gyaɗa da auduga da fata, yana sayar da gishiri da kananzir da atamfa. A lungun kantin akwai wani tebur da ake yankar inshorar mota a madadin wani kamfanin Ikko, kuma da yake ni ne sabo, ni aka ɗora a kai. Motocin garin a lokacin ba su da yawa, sai in yini ban ga kowa ba sai ƙuda. Ban san kowa a birnin ba. Mutanenmu kaɗan ne, yawancinsu 'yan sanda da ma'aikatan asibiti masu iyali, a gaisa ranar Lahadi a bakin coci kowa ya kama gabansa. Yelwan nan da kuke gani cike da ɗalibai, gonaki ne a lokacin da 'yan bukkoki. In an tashi daga aiki sai in bi gindin ganuwa ina ta tafiya, ba don ina da wurin zuwa ba, don kada in koma ɗaki da wuri ne kawai. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a watannin farko, har nakan yi magana da kaina da yarenmu don kada in manta yadda yake a baki.

Ɗakin da nake haya a Wunti yake, a soron gidan wani Bafulatani mai suna Manu, wanda kowa ke ce wa Baffa. Ya bar garkensa a daji wurin ƙanensa, ya zauna a gari yana dillancin shanu. Dogo ne, siriri, maganarsa ba ta da yawa, kuma Hausarsa irin ta mutanen ruga ce, mota da takarda duk maza ne a bakinsa. Matarsa Goggo Dija ita ce bakin gidan. Allah ya ba su 'ya'ya amma babu wanda ya tsaya, don haka gidan shiru yake in ba ita ke magana ba. Wata biyu ina dafa wa kaina abinci a kan duwatsu uku a bayan soro, sai ran nan na ji muryarta ta kan katanga.

"Akawu, wannan abin da kake ƙonawa kullum, abinci ne ko maganin sauro?"

Daga ranar ban sake hura wuta ba. Kwanona yakan fito tare da na Baffa, daga baya ma kwanon ya zama ɗaya, mu zauna a tabarma a ƙofar soro da la'asar sakaliya muna ci. Maƙwabta sun yi gunaguni, wai yana sa hannu a kwano ɗaya da ɗan mishan. Abin da ya ce musu bai wuce kalma biyar ba.

"Yunwa ba ya tambayan alƙibla."

Da shekara ta zagayo ya daina karɓar kuɗin haya. Na kai masa, ya mayar mini da hannuna, ya ce ɗa ba ya hayar ɗakin ubansa. Daga nan kuma ya daina ce mini Malam Iliya, ya koma ɗana. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma ku san halin ubanku, ni mutum ne mai jin nauyin alheri. Kowace loma na kai baki a gidan nan sai in ji kamar an ɗora mini wani abu a ka, kullum ina tsoron ranar da wani zai ce ɗan kudun nan cin Baffa kawai yake yi.

A shekarar da ake ta shirin karɓar mulki, zance ɗaya ne a bakin 'yan kasuwa, wai zamani ya koma na masu mota. Baffa ya ga abokan dillancinsa biyu sun sayi motar kaya sun fara gina soro, shi kuwa ga jangali, ga ciwon shanu da ya shiga garken ƙanensa a daminar da ta wuce. Sai ya yanke shawara. Ya sayar da kusan duk shanunsa, har da biyu na Goggo da ta gada wurin mahaifiyarta. Ta yi kwana uku tana faɗa, tana cewa ita ba ta taɓa ganin ƙarfe ya haihu ba. Ya sayo wata motar kaya ta hannu mai bodin katako daga Jos, ya ɗauki direba, wani Tanko, mutumin kirki mai yawan taba.

To, a nan sai na tsaya in yi muku bayanin da ban yi wa Baffa ba. Inshorar da muke yanka iri uku ce, kuma har yau ba ta sauya sosai ba, sunaye ne kawai suka ƙaru. Akwai ƙarama, wadda direbobi ke kira ta ɗan sanda, don ita doka ta tilasta, ita ake tambaya a hanya. Wannan ba taka ba ce ko da kai ka biya. Ta wanda motarka ta buge ce, ko ta rushe masa katanga, ko ta kashe masa jaki. Shi za a biya, kai da motarka kuwa ku ji da kanku. Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙunshi duk wannan, sannan in wuta ta cinye motar ko ɓarawo ya tafi da ita a biya ka. Sai babba, mai rufe har ɓarnar da ta sami motarka a hatsari, ko da direbanka ne da laifi. Kowace da kuɗinta, kuma akawun da ya yanka yana da 'yar la'adarsa, mai girma a kan babba, 'yar mitsitsiya a kan ƙarama.

Ranar da Baffa ya zo kanti da takardun motar, babban akawunmu yana tsaye kusa da teburina. Mutum ne mai son ba'a, ba da mugunta ba. Ya hango Baffa yana shigowa, sai ya ce mini da ƙarfi, har masu awon gishiri suka ji:

"Ga maigidanka nan tafe. Yau kam ka ci tuwonsa, ka kuma ci la'adarsa."

Aka yi dariya, ni kuwa maganar ta shige ni har ƙashi. Abin da nake tsoro ke nan tun farko, ga shi an faɗe shi a bainar jama'a. Baffa ya zauna a benci, ya jingine sandarsa, ya ce Tanko ya gaya masa akwai wata takarda da ake saya. Sannan ya yi mini doguwar maganar da ban taɓa jin ya yi irinta ba.

"Na gane abin, ɗana. A wurinmu, in annoba ya share wa mutum garke, ba a barinshi ya zauna ƙasa. Wannan ya ɗaure mishi karsana, wancan ya ɗaure mishi karsana, har ya tashi. Tanko ya ce haka masu mota ke yi, kowa ya zuba kaɗan, wanda nashi ya mutu a tashe shi. Ashe Nasara ma sun san zumunci. Haka ne ko?"

Abin da ya kamata in ce a fili yake. In ce Baffa, haka ne a kan babba da ta tsakiya, amma ba haka ba ne a kan ƙarama, kuma tunda duk abin da ka mallaka yana kan tayoyin nan, kada ka yi ƙasa da ta tsakiya. Amma in na faɗi haka, na zama mai tallar abu mai tsada ga mutumin da ke ciyar da ni, a gaban mutanen da suka gama dariya yanzu-yanzu. Na kuma zama yaron da ke gyara wa dattijo zance a tsakiyar kanti. Sai na sunkuyar da kai na jawo littafin ƙarama.

"Kusan haka ne, Baffa. Wannan ta ishe ka, ita ce 'yan sanda ke tambaya."

"To," in ji shi.

Bai tambayi ko akwai wata ba. Bafulatani irin Baffa ba ya tambaya sau biyu, gani yake in ya sake tambaya ya nuna bai yarda da kai ba. Ya dangwala yatsa, ya biya, ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba. Ni kuma na dubi babban akawu ina jin kaina wani mai mutunci, wai ga shi ban ci la'adar maigidana ba. Kunya ce ta yi aiki a ɓangarorin biyu, tasa ta hana shi tambaya, tawa ta hana ni bayani, sai dai tasa ba ta cuci kowa ba sai shi.

Na yi wa kaina alkawari zan gyara in shekara ta zagayo an zo sabunta takardar. Sau da yawa muna cin abinci maganar takan zo mini har maƙogwaro, sai in ga yadda yake ba ni labarin lodin gyaɗa da fuskarsa a sake, in haɗiye ta tare da tuwo. Motar kuma tana ta kawo alheri. Ranar bikin samun 'yanci ita ta kwashi mutanen unguwa zuwa fili, an ɗaura mata tutoci, Goggo da kanta ta hau gaba tana riƙe da ƙofa da hannu biyu tana salati, tana cewa Tanko ya bi a hankali. Ban taɓa ganin Baffa ya yi dariya har haƙoransa sun fito ba sai ran nan.

Wajen wata biyu bayan haka, lokacin kakar auduga, Tanko ya ɗauko lodi daga wajen Gombe. Da tsakar rana, a gefen wani ƙauye, wuta ta tashi daga ƙarƙashin motar. Akwai garwar fetur biyu a ɗaure a baya, ga auduga har sama, don haka kafin a kawo tulu ɗaya na ruwa an gama. Iska ta kwashi wutar ta kai kan rumbun dawar wani manomi da ke bakin hanya, shi ma ya tafi. Tanko ya tsira da ƙuna a hannuwa. Da labari ya iso, Goggo ta zauna a ƙasa a tsakar gida. Baffa kuwa ya shafa fuska ya dube ni.

"Alhamdu lillahi, tunda ba rai. Tsautsayi ba ya wuce rananshi. Ai muna da takarda, ko ba haka ba, ɗana?"

Na ce zan rubuta wa Ikko. Wannan shirun na biyu shi na fi jin kunyarsa har yau. Na farko ina iya cewa ƙuruciya ce da ba'ar mutane, na biyu kuwa tsoro ne tsagwaronsa. Mako uku wasiƙu suna kai da kawowa, mako uku ina zama a tabarmar nan ina sa hannu a kwanonsa, yana lissafin irin motar da zai sayo in an biya, ni na san ba abin da ke zuwa.

Ranar da Baturen inshora ya zo daga Jos, Baffa ya sa farar rigarsa ta Juma'a. An kira manomin nan ma, ya zo da ƙafa tun safe, yana rakuɓe a bakin ƙofa don bai san abin da ake nemansa da shi ba. Ni ne tafinta. Bature ya fara da manomin, ya ce an kimanta rumbunsa da dawar da ke ciki, za a biya shi duka. Mutumin ya kasa gaskatawa, sai godiya yake yi yana durƙusawa. Baffa ya gyara zama, yana ganin layi ya zo kansa. Bature ya duba takardarsa, ya yi magana gajera, ya rufe fayil. Kowa ya juyo yana jiran in fassara.

"Baffa, ya ce takardarka ta mutanen hanya ce. Tana biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna. Ba ta biyan motar."

Baffa bai dube ni ba, sai ya juya ga babban akawu.

"Akwai wanda ke biyan mota?"

"Akwai har iri biyu, Baffa," in ji babban akawu, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Ko ta tsakiya ce da an biya ka, tunda wuta ce. Abin da ke tsakaninsu bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba."

Baffa ya gyaɗa kai. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe, ya tsaya wurin manomin ya ba shi hannu, ya ce Allah ya sa albarka, ya kuma roƙe shi gafarar tsoron da aka ba iyalinsa. Ya yi wa Bature sallama da hannu, ya fita a hankali kamar wanda ya zo sayen gishiri bai samu ba.

Kafin magariba zance ya cika Wunti, wai Baffa ya ba ni kuɗin babba na yanka masa ƙarama na soke sauran a aljihu. Wannan shi ne zancen da na ce muku. Ƙarya ne, kuma Baffa da kansa ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ban ci masa ko anini ba. Amma mutane sun fi son labarin ɓarawo, ya fi sauƙin ganewa. Masu gaishe ni suka daina, mai shayin bakin titi ya fara ba ni canji ba tare da ya ɗago kai ba. Ban kare kaina ba ko sau ɗaya, don in na ce ban ci ba za a tambaye ni to me ya faru, ni kuma ban ga yadda gaskiyar ta fi ƙaryar kyau ba.

A gida kwanona bai daina fitowa ba ko rana ɗaya. Sai dai ya koma fitowa shi kaɗai. Baffa yakan ce ya riga ya ci a ciki, ko yana azumi. Yana amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, amma bai taɓa ɗaga maganar ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mini, da na sami sauƙi. A tabarmar da muke zama mu biyu na ci abinci ni kaɗai har wata biyu, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, har da lokacin da ban san kowa ba.

Sai ƙanensa ya zo daga daji. Ashe labari ya kai ruga, dangi sun taru, wannan ya ɗaure karsana, wancan ya ɗaure karsana, suka ce ya dawo gida. Tasu inshorar ta biya, ba wasiƙa, ba Bature. Ba abin da ya rage masa a gari, don haka ya sayar da gidan, da sharaɗin a bar ni a soro har in sami wani ɗaki.

Ana gobe za su tashi, da hantsi, na sami Goggo tana ɗaure ƙoranta a tsakar gida. Na durƙusa na gaya mata komai, ba'ar babban akawu, da la'ada, da tsoron kada a ce cin Baffa nake yi. Ina tsammanin za ta yi faɗa irin nata. Ta ci gaba da ɗaurinta har ta gama, sannan ta zauna a kan turmi.

"Da ka ci la'adan, Akawu. Wa zai ci in ba kai ba? Da ka ci, da yanzu muna nan." Ta share fuska da bakin mayafi. "Shanuna ba su dame ni ba kamar wannan. Mu muna cewa Allah ya ba mu ɗa da tsufa, ashe kai duk zaman nan baƙunta kake yi. Baƙo ne ke jin kunyan kwano. Ɗan gida in ya ga ubanshi zai taka wuta, ture shi yake yi, ko a gaban sarki."



Washegari da safe suka ɗora kaya a kan jakuna biyu da takarkari ɗaya. Na nemi izini a wurin aiki na raka su. Muka bi ta cikin unguwa, ni ina riƙe da buta da tabarmar sallar Baffa don hannuna ya sami abin yi. Duk hanya ina shirya abin da zan ce masa, ina jiran mu fita daga cikin mutane. Da muka wuce ƙofar gari ya tsaya, ya karɓi butar da tabarmar, ya ce rakiyar ta isa haka, kada in makara. Na buɗe baki na ce Baffa, ka yafe mini. Ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Ba komai a tsakaninmu sai alheri. Allah ya ba ka mata na kirki da 'ya'ya masu albarka. Sai wata rana, Malam Iliya."

Na tsaya a wurin har suka shige cikin karan dawa. Bayan shekara biyu, da na sami hutu, na bi sawunsu har rugar ƙanensa, na tarar da turaku da tsohuwar toka, aka ce sun yi gabas tun bara, ba wanda ya san inda suka sauka.